Kafin a Ɗaure, a Ɗauki Hoto



Akwai wata shawara da ake yankewa a makarantar nan cikin minti biyar, a tsaitsaye, ana hayaniya, kuma wanda abin ya shafa ba shi da bakin magana don yana ƙasa yana ihu. Shawarar ita ce: ina za a kai shi? Wani ya faɗi a filin ƙwallo ana gasar sassa, ko ɗan acaɓa ya zubar da wata a bakin get, ko ƙarfe ya suɓuce ya daki wani a wokshop. Iyayensa suna can garinsu, tafiyar awa huɗu ko biyar. Waɗanda ke tsaye a kansa mu ne: abokin ɗakinsa, kyaftin ɗin ƙungiyarsu, wakilin aji, da 'yan kallo. Nan take kowa ya zama likita. Wannan ya ce targaɗe ne, a ja masa. Wancan ya ce akwai wani tsoho a bayan kasuwa, gadon gidansu ne, sati uku zai miƙe. Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Kar ku kuskura ku kai shi asibiti, wallahi yankewa za su yi!" Galibi wannan na ƙarshe shi ke cin zaɓe.

Ra'ayina a kan wannan lamari gajere ne. Duk ɗalibin da ake zaton ya karye, kada kowa ya ja shi, kada kowa ya ɗaure shi tamau, sai an ɗauki hoton ƙashin an ga abin da ke ciki. Kuma aikin ƙungiyar ɗalibai ne ta sa wannan ya zama abu mai yiwuwa ga ɗalibin da ba shi da ko sisi a aljihu. Ban zo zagin masu ɗori ba, nan gaba ma zan faɗi inda suke da gaskiya. Amma bari mu fara da sanin abin da muke riƙewa a hannu idan muka ɗaga ƙafar abokinmu.

Baligi yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Kowane hannu, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da 27. Kowace ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa tana da 26. Ku haɗa lissafin, 106 ke nan, fiye da rabin kwarangwal ɗin mutum yana cikin tafukan hannu da na ƙafa, wato daidai wuraren da muke tokarewa da su idan mun faɗi. Kuma ƙashi ba busasshen itace ba ne kamar yadda muke ganinsa bayan an cinye nama a kan faranti. Abu ne mai rai, jini na shiga yana fita, a cikin ɓargonsa ake ƙera ƙwayoyin jini, kuma kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. 'Yan sashen gine-gine za su fi kowa gane yadda aka yi shi, domin tamkar kankare ne mai rodi. Akwai wani zare mai danƙo da ake kira kolajin, shi ne rodin, shi ke hana ƙashi tsinkewa idan an lanƙwasa shi. Akwai kuma sinadarin kalsiyam da fosfet, su ne simintin, su ke ba shi tauri. Wanda yake shakka ya jiƙa ƙashin kaza a ruwan binega na 'yan kwanaki, zai ga yana lanƙwasuwa kamar roba don simintin ya narke. Ya ƙona wani a wuta, zai ga yana marmashewa don rodin ya ƙone.

Inda ƙashi ya haɗu da ƙashi kuwa, nan ne gaɓa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Gwiwa da gwiwar hannu suna aiki kamar hinjin ƙofa, buɗewa da rufewa. Kafaɗa da kwatangwalo kamar taɓarya ne a cikin turmi, kan ƙashi mai zagaye yana juyawa a cikin gurbi. Turmin kwatangwalo mai zurfi ne, shi ya sa ba ya gocewa sai da babban haɗari. Na kafaɗa kuwa kusan faranti ne, shi ya ba mu damar wulwula hannu ta ko'ina, shi ya sa kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa yawan gocewa. An lulluɓe bakin kowane ƙashi da guringuntsi mai santsi, ga wani ruwa mai yauƙi da ke aikin giris. Tsoka kuma ja kawai ta iya, ba ta iya turi ba. Don haka aka yi su bibbiyu: ta gaban damtse ta ja hannu ya lanƙwashe, ta baya ta ja ya miƙe. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Wani abu da nake ganin yana rikita mu shi ne kalmar "jijiya". Da Hausa, bututun da jini ke bi jijiya ne. Wayar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa jijiya ce. Igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi ita ma jijiya ce. Abubuwa huɗu, suna ɗaya. To idan aka ce wa mutum "jijiya ce ta hau kan jijiya, a murza", wace daga ciki ake nufi? Ɗan lantarki ba zai yarda a kira waya da fayif ɗin ruwa da suna ɗaya ba, balle a ce ya murza su tare.

Yanzu ga inda masu ɗori suke da gaskiya, kuma ina so a ji ni da kyau. Ƙashi da kansa yake haɗewa. Haka Allah ya halicce shi. Da zarar ya karye, jini ya taru ya daskare a wurin. Cikin sati biyu zuwa uku wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗe bakunan biyu. Sannan ya riƙa tauri yana zama ƙashi, shi ne wannan ƙullutun da ake ji a wurin tsohuwar karaya. Bayan watanni, har shekaru, jiki yana sassaƙe ƙullutun yana mayar da shi daidai. Ƙananan ƙasusuwa da na hannu kan ɗauki wajen sati shida zuwa takwas. Na ƙwauri da na cinya sukan kai wata uku zuwa shida. Babu likitan da ke liƙa ƙashi, babu mai ɗorin da ke liƙa shi. Aikin su duka biyun iri ɗaya ne: a daidaita bakunan, a hana su motsi har jiki ya gama aikinsa. Saboda haka idan karaya mai sauƙi ce, ba ta goce ba, ba ta huda fata ba, ba ta shiga gaɓa ba, to karan ɗori zai iya riƙe ta har ta warke. Duk wanda ya ce maka "ni mai ɗori ne ya gyara ni, ga ni ina buga ƙwallo", ba ƙarya yake yi ba. Kowannenmu ya san irinsa a unguwa. Sana'a ce mai tarihi, wasu garuruwan har sarauta gare ta, kuma shekaru aru-aru ita ce kaɗai gatan wanda ya faɗo daga doki ko daga kan rimi.

Matsalar ita ce: yaya za ka san taka mai sauƙin ce? Hannu, komai ƙwarewarsa, yana laluben ne ta saman kumburi. Akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, girmansa bai fi ƙwayar yazawa ba. Shi ne kan karye idan mutum ya faɗi ya tokare da tafin hannu, irin faɗuwar da masu tsaron gida ke yi kullum. Kumburinsa kaɗan ne, kowa zai ce targaɗe ne. Amma jinin da ke ciyar da shi ta gefe ɗaya yake shigowa, idan ba a riƙe shi da kyau ba ɗaya ɓarin yana iya mutuwa, bayan 'yan shekaru wuyan hannun ya riƙa ciwo ya ƙi lanƙwasuwa. Ku yi tunanin ɗan sashen zane ko na kwamfuta da irin wannan hannu. Wannan karayar wani lokaci ko hoton farko ba ya nuna ta, sai an sake bayan kwana goma ko sati biyu, to ina ga laluben yatsa? Akwai karayar da ke tsagawa ta shiga cikin gaɓa. Idan ta warke da ɗan tudu, ko na milimita kaɗan ne, guringuntsi zai riƙa gogewa kamar boris ɗin da yashi ya shiga, mutum yana ɗan shekara talatin da biyar gwiwarsa ta zama ta tsoho. Akwai karayar cinya, inda tsokokin nan masu ja suke da ƙarfin gaske: su ja ɓarin ƙasa ya hau kan na sama, ƙashin ya haɗe a haka, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta har abada. Kuma cinya ɗaya da ta karye tana iya shanye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na jini a ciki, ko ɗigo bai fito waje ba, alhali duk jinin jikin baligi bai wuce wajen lita biyar ba.

Tun shekarar 1895 wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Fiye da shekara 120 ke nan. Mu da ake koya mana cewa ba a zuba dakin sai an duba rodi, ba a kwance inji sai an san inda yake ƙara, bai kamata a ce mu ne ke yarda a gyara ƙafar mutum da ka ba.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi tayar min da hankali ba. Gajeriyar ƙafa ana rayuwa da ita. Abin da ke cin hannu da ƙafa ɗungurungum shi ne ɗauri.

Tsokokin sangalin hannu da na ƙwauri a cikin wasu jakunkuna suke, masu tauri, ba sa buɗewa. Idan ƙashi ya karye wurin zai kumbura, kuma kumburin yana ƙaruwa ne a kwana biyu zuwa uku na farko. To a ce an jera kara ko tsagin gora an zagaye ƙafar, an naɗe da tsumma an ja iya ƙarfi tun a ranar farko. Kumburi yana turowa daga ciki, ɗauri ya tare daga waje. Wa zai sha matsa? Ƙananan jijiyoyin jini. Kamar ka taka tiyo ne ana ban ruwa. Tsokar da jini bai kai mata ba takan fara lalacewa cikin 'yan awoyi, idan aka haura awa shida zuwa takwas a haka, abin da ya mutu ba ya dawowa. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya yi bayanin wannan tun 1881: hannun da aka ɗaure da ƙarfi, tsokarsa ta mutu ta ƙanƙance, yatsu suka lanƙwashe kamar ƙafar shaho. Har yau da sunansa likitoci ke kiran wannan nakasa. Wannan fa idan an yi sa'a ke nan. Idan ba a yi ba, naman ya yi baƙi ya fara wari, dafin ya shiga jini, ya zama ko a cire ƙafar ko a rasa mai ita.

Jiki ba ya yin shiru idan hakan na faruwa, yana faɗa da babbar murya. Ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wanda maganin ciwo ba ya taɓa shi. Idan aka ɗan miƙe masa yatsu ya yi ƙara kamar an soka masa wuƙa. Yatsun su yi sanyi, su dusashe ko su yi baƙi-baƙi, ya ce yana jin kamar tururuwa na bin su ko ba ya jin su sam. Fata ta yi bororo a gefen ɗaurin. Abin takaici, duk waɗannan alamu muna da fassarar da muke ba su. "Ɗorin ne ke kamawa." "Haba, ka yi ta maza mana." Sai a ƙara masa ƙwaya don ya samu barci, a kashe ƙararrawa gobara na ci. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin alamun nan a jikin abokin ɗakinsa, ya kwance ɗaurin nan take ya nufi asibiti, ko ƙarfe biyun dare ne, ko an ce masa kwancewa karya ƙa'idar magani ne. Don a yi adalci: filastar asibiti ma, wadda muke kira siminti, tana iya jawo haka idan ta matse. Shi ya sa sau da yawa likita kan sa rabin filasta ne da farko, ya bar wa kumburi hanya, ya kuma ce a dawo da gaggawa idan yatsu suka canja. Bambancin shi ne a can an san haɗarin, an kuma tanadi abin yi idan ya taso.

Akwai iri uku da ko muhawara bai kamata a yi a kansu ba. Na farko karayar da ta huda fata, ko da ƙashin ya leƙo ya koma. Ƙasar filin ƙwallo ko ta bakin titi ta riga ta shiga ciki. Wannan yana buƙatar a wanke shi a ɗakin tiyata, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri da allurar tetanus. In aka barbaɗa garin magani aka shafe da man shanu aka rufe, an gina wa ƙwayoyin cuta ɗaki da falo. Ƙashin da ya ruɓe daga ciki yana iya shekaru yana fitar da mugunya. Na biyu gaɓar da ta goce, musamman kwatangwalo, wadda ake son a mayar cikin awoyi kaɗan kafin kan ƙashin ya rasa jini, kuma sau da yawa akwai karaya a ɓoye tare da gocewar, jan ƙarfi sai ya ƙarasa ta. Na uku wuya da gadon baya. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne 33, ta tsakiyarsu laka ta bi, ita ce babbar wayar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Mutum na iya karya ƙashin baya lakarsa lafiya lau, sai masu taimako su zo, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, a naɗe shi a cusa a bayan adaidaita sahu. Abin da haɗarin bai tsinka ba, taimako ya tsinka. Wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a bar shi a kwance yadda yake, wani ya riƙe kansa kada ya juya, a nemo abu mai faɗi da tauri, ko ƙyauren ƙofa ne, a ɗauke shi a miƙe. Garin neman gira ake rasa ido.

(Ga 'yan uwanmu masu sikila kuma, ciwon ƙashi da na kwatangwalo a wurinsu sau da yawa ba buguwa ba ce, jini ne ke toshewa. Murza da ɗauri ba abin da za su ƙara sai wahala.)

Mu dawo kan mai ihun "yankewa za su yi". Na fahimci tsoronsa, don ya taɓa ganin wanda aka kai asibitin ƙashi da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Abin da bai tambaya ba shi ne: kwana nawa mutumin ya yi kafin a kai shi, kuma a ina ya yi su? Lissafin muke yi a juye. Wanda aka kai a ranar da ya karye, aka sa masa filasta ko ƙarfe ya koma gida, ba wanda ke ba da labarinsa a majalisa, don babu abin ban mamaki a ciki. Wanda ya yi sati biyu a ɗaure har ƙafa ta yi baƙi, sannan aka kai shi, likita ya ce babu yadda za a yi, shi ne labarinsa ke zaga gari, kuma sunan asibitin ne ke ɓaci. Sai tsoron ya ƙaru, na gaba ya ƙara daɗewa a gida, shi ma a yanke, a ce ka gani ko? Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana aiki tun 1959, shi da na Igbobi a Legas da na Inugu su ne tsofaffin asibitocin ƙashi na tarayya. Da aikinsu yanke ƙafa ne, da rabin mutanen Kano da sanda suke tafiya. Akwai dai haɗarin da ke ragargaza ƙafa tun a kan titi yadda ba mai iya ceto ta, wannan daban ne.

Masu cewa wannan faɗa ne tsakanin namu na gado da na Turawa, su ma ban yarda da su ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Musulmi na Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta littafinsa At-Tasrif mai kashi 30. Kashin ƙarshe a kan tiyata yake, kuma babi guda cikin ukun da ke cikinsa kacokan a kan ɗori da mayar da gocewar gaɓa ne. Turawa sun fassara shi sun yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. A Birtaniya kuma, Hugh Owen Thomas, wanda ake lissafawa cikin iyayen ilimin ƙashi na zamani, ɗan gidan masu ɗori ne, gado ne a zuriyarsu a yankin Wales. Mahaifinsa mai ɗori ne, amma ya tura 'ya'yansa makarantar likita. Thomas ya haɗa hannun gado da karatu, ya ƙera wani ƙarfen riƙe cinya da har yau ake amfani da shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka fara sa wa sojojin da harsashi ya karya wa cinya wannan ƙarfe tun a bakin daga, mace-macensu ya sauko daga kusan 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Ɗan mai ɗori ne ya yi wannan. Ina 'ya'yan masu ɗorinmu da ke cikin makarantar nan? Na tabbata akwai su, kuma sun fi mu damar faɗa wa iyayensu a ji. Maganar tofi da addu'a kuwa, ban san malamin da ya ce tofi ba ya ratsa filasta ba. A yi hoto, a yi magani, a yi addu'a, ba wanda ya ture wani.

Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce, yawancin masu zuwa wurin ɗori ba jahilci ne ya kai su ba, aljihu ne. Mai ɗori yana kusa, ba kati, ba layi, ba ya yajin aiki, zai karɓi abin da ka samu, ya ce sauran in ka warke. Zai kira ka ɗana, ya tambayi mutanen gida. A asibiti kuwa sai ka biya kuɗin kati, ka biya na hoto, a rubuto maka filasta da bandeji ka sayo, idan aka ce sai an sa ƙarfe kuma a faɗi kuɗin da ya fi na rajistar shekara. Ga wani ma'aikacin da zai daka maka tsawa kana cikin ciwo. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, amma kowa ya san tazarar da ke tsakanin takarda da bakin kanta. Ɗalibin da ke lissafin garin kwaki a sati na uku na wata, in ka ce masa "je ka asibiti" ka tsaya nan, ba ka faɗa masa komai ba.

Shi ya sa nake cewa maganar ta ƙungiya ce. Hoton ƙashi ɗaya, a yawancin wurare, bai kai kuɗin canja gilashin wayar da ta fashe ba, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya bar wayarsa a fashe don tsada ba, karo-karo ake yi a gyara. Ƙungiyar da ke iya buga riguna da kalanda, ta yi hayar kujeru da na'urar sauti a makon ɗalibai, tana iya ware wani ɗan asusu na gaggawa: a biya hoto da filastar farko nan take, iyaye su mayar daga baya in suna da hali. Kuma kowane zango muna biyan kuɗin lafiya a cikin rajista. Akwai tsarin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Ɗalibi nawa ne a cikinmu ya san ko yana ciki, da abin da yake ɗauke masa, da asibitin da za a tura shi idan abin ya fi ƙarfin kilinik? Aikin daraktan walwala ne ya je ya tambayo a rubuce, ya liƙa a kowane hostal, ba sai ranar da wani ke kwance ana neman wanda zai sa hannu ba.

Sannan a koyar da mu abin yi a minti goman farko, don ba wuya gare shi ba. Kada a ja, kada a murza, kada a ce ya taka a gani. A tallafe wurin yadda aka same shi da abin da ke kusa: kwali, naɗaɗɗen handawut, dogon rula na 'yan zane, a sa tsumma mai laushi a tsakani, a ɗaure sama da ƙasan karayar sako-sako yadda yatsa zai iya shiga, a bar kan yatsu a waje ana dubawa. A cire zobe da agogo da awarwaro tun kafin kumburi ya kama su. In akwai rauni a rufe da ƙyalle mai tsabta, a danna in jini na zuba. Kada a ba shi abinci ko ruwa, ko da yana roƙo, don wataƙila a yi masa allurar barci a asibiti. In a kan babbar hanya ne, lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. Wannan darasin yini ɗaya ne. 'Yan Red Cross na makaranta da ma'aikatan kilinik za su iya ba kyaftin-kyaftin da wakilan aji da masu kula da wokshop a farkon kowane zango. A tabbatar akwai mata a cikin waɗanda aka koyar, domin na ga yadda ɗaliba kan gwammace ta ɓoye ciwo ta koma ɗaki da ta bari maza su taru a kanta, kuma a ɗakin ne ƙawa za ta kawo shawarar ɗori.

Zan ma so ƙungiya ta yi abin da ban ji an saba yi ba: ta gayyaci likitan ƙashi da masu ɗorin unguwannin da ke kewaye da mu, a zauna a zaure ɗaya cikin girmamawa. Ba don a kunyata kowa ba. Akwai masu ɗorin da tuni suke cewa sai ka kawo hoto kafin su taɓa ka, suna kuma mayar da mai rauni a buɗe asibiti. Irin waɗannan a san su. Wanda kuma yake cewa hoto rashin yarda da gado ne, ɗalibai su san shi shi ma.

Abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar zaman majalisar ɗalibai ko amincewar kasafi, shi nake roƙon daraktan wasanni da na walwala su yi kafin a busa usur ɗin wasa na gaba: gadon ɗaukar majinyaci ɗaya a bakin fili, katakai huɗu masu santsi da 'yan sashen kafinta za su iya yankewa a firaktikal ɗin yamma ɗaya, bandeji, da takarda a manne a jikin allon sanarwa mai ɗauke da sunan asibiti mafi kusa da ke ɗaukar hoton ƙashi da dare, da lambar direban motar kilinik wadda in an kira za a ɗauka.